Ido Garau, Gani Babu: Neman Sunan Wani Ciwo a Gaya

Bahaushe bai yi wa ciwon ido rowar suna ba. Idan farin abu ya taso daga ciki ya rufe baƙin ido, ya ce yana. Idan miki ya warke ya bar farin tabo a gaba, hakiya ce. Ƙurjin fatar ido hazbiya ne, amosanin ido kuma shi ne wanda ke lanƙwasa gashin ido ya koma ciki yana gogar ƙwayar har ta dushe. Jan idon nan mai bin gida-gida, wanda ya ɓarke a Gana a 1969, shekarar da kumbon Apollo 11 ya kai Amurkawa duniyar wata, har gobe apolo muke ce masa tun daga Kwatano har Yamai. Abu ɗaya ya haɗa sunayen nan: dukkansu na mai kallo ne. Wani ne ya dubi idon ɗan'uwansa, ya ga fari ko ja ko kwantsa, ya raɗa wa abin da ya gani suna.

Dundumi ne kaɗai ya fita zakka, domin shi abin da mai ciwon yake ji ne. Asalinsa shi ne halin mutumin da ke gani da rana amma da magariba ta yi sai laluben bango, abin da rashin bitamin A kan haddasa. Da yake shi kaɗai ne sunan da bai dogara da kallon ido ba, sai aka yi ta ɗora masa kaya. Gidajen rediyo suka ba shi makantar nan ta bakin kogi da wani ɗan baƙin ƙuda ke yaɗawa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a ranar 30 ga Janairu 2025 cewa Nijar ta rabu da ita, ƙasa ta farko a Afirka. Wasu kuma duk wani dushewar gani da ba su san kansa ba, dundumi ne. Sunan da ya ɗauki cuta uku ko huɗu ba ya iya nuna wa majiyyaci ƙofar da zai nufa.

Akwai wani ciwo da ya faɗa ta tsakanin sunayen nan duka. Na ɗauki Gaya a matsayin wurin duba shi, Gaya ta jihar Doso a bakin kogin Kwara, ba ta Kano ba, saboda a nan ne suna ke sauya riga sau uku cikin tafiyar yini guda. Majiyyaci ya faɗi damuwarsa da Dandanci ko Zabarmanci ko Hausa. A Gaya, ko a Malanbil da ke tsallaken kogi cikin Benin, a rubuta masa takarda da Faransanci. Idan ya bi ta Kamba ya shiga jihar Kebbi, a rubuta wata da Ingilishi.

Ga yadda ciwon yake zuwa. Yarinya ce, ko matashiya mai shekara 20 zuwa 40, ta yi masassara ko mura mai nauyi ko ƙarambau, ta warke, har an manta. Bayan mako 1 zuwa 3 sai ta ji bayan idonta yana ciwo, musamman idan ta juya shi gefe ko sama. Kwana biyu ko uku sai gani ya fara dushewa, galibi daga tsakiya: tana ganin gefen fuskar mai magana da ita, amma hanci da baki sun shiga hazo. Jan zane ya koma kamar wanda ya sha wanki ya kwana a rana. Wata cikin mako guda ko yatsu ba ta iya ƙirgawa. Ido kuwa fari tas, ba ja, ba kwantsa, ba yana, ba hakiya.

Irin maganar da ake yi da majo, wato ma'aikacin lafiya, a ɗakin likita ta ƙauye ba ta wuce haka:

"Majo, yarinyar nan ta ce ba ta gani, ga ido kuwa garau."

"Inna, tun yaushe?"

"Yau kwana huɗu. Babanta ya ce a bar ta, ƙila karatun lakwal ne ba ta so. Kakarta kuma ta ce wannan ba na likita ba ne."

Maganar uban da ta kakar daga tushe ɗaya suka fito. Idon da ba a ga komai a cikinsa ba, ko dai mai shi ƙarya yake yi, ko kuma abin na ɓoye ne: jifa, sammu, kambun baka, shafar iska. Waɗannan su ne sunayen da ke jiran duk ciwon da ya zo farat ɗaya bai bar alama ba. Haka aka yi da shan inna, wanda sunansa ya ɗora laifin shanyewar ƙafar yaro a kan Inna ta bori, kuma kowa ya ga wahalar da masu rigakafi suka sha kafin a raba sunan da abin da yake nufi a zukatan iyaye.

A takardar Gaya abin da likita zai rubuta yana fita a kunne kamar "nebrit optik". A ta Birnin Kebbi, "optik niyuraitis". Kalma ɗaya ce da tushen Girkanci, ma'anarta kumburin jijiyar gani. Fassarar daidai take, ni ma ita nake goyon baya. Sai dai kowace kalma cikin ukun nan tana da tarkonta, kuma akwai wasu biyu da ke biye da su, ƙwayar cuta da garkuwar jiki, waɗanda tarkonsu ya fi zurfi.

A fara da jijiya. Mahauci yana cire jijiya daga nama. Ma'aikaciyar jinya tana neman jijiya a hannu don ta sa ƙarin ruwa. Itace yana da jijiya a ƙasa. Tsoho kuma yana kukan ciwon jijiya a ƙugu, a kawo masa man zafi a murza. Abubuwa huɗu ne mabambanta, kuma babu ɗaya cikinsu da ake nufi a nan. Wanda ake nufi shi ne zaren da ke ɗaukar saƙo tsakanin gaɓoɓi da ƙwaƙwalwa. Wannan ba gazawar Hausa ba ce. Kalmar Girkanci da aka gina sunan likitanci a kanta, da can tana nufin agara da tsarkiyar baka, sai wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa, a birnin Iskandariyya, likita Herofilus ya bambance zaren saƙo da agara da hanyar jini. Larabci ma haka: asab yana nufin abin ɗauri, daga nan asabiyya ta fito, kuma da kalmar ce Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, ya bayyana jijiyar gani a littafinsa na maƙaloli goma a kan ido, yana bin tsohon likita Jalinus a zaton cewa rami ne da ita a ciki, wanda ruhin gani ke bi. Ilimin ido na Larabawa ya iso ƙasarmu, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya yi rubutu na musamman a kan maganin ido. Kowane harshe da kalmar mahauta ya fara, sannan ya ƙara mata bayani.

Bayanin da za mu ƙara shi ne abin lura. Da yawa suna cewa jijiyar ido. Idan ka faɗa wa mutum haka, zai buɗe idon ɗansa ya nemi 'yan jajayen zaren nan da ke kan farin ido, ya ga lafiya lau suke, ya ce likita bai gane ba. Jijiyar gani ta fi, domin tana janye hankali daga ƙwayar ido zuwa aikin da ya tsaya. Kuma ba abu ne da mutanenmu ba su taɓa gani ba. Duk wanda ya taɓa gyaran kan rago da layya ya ga wata farar igiya mai ɗan tauri maƙale a bayan ƙwayar ido, ta ratsa ƙashi ta shige ciki. Ita ce. A jikin mutum tsawonta kamar santimita 5 ne, kaurinta bai kai na fensir ba, amma zare kusan miliyan 1.2 ne a cikinta. Masana suna lissafa ta a matsayin wani yanki na ƙwaƙwalwa da ya miƙo waje, shi ya sa cututtukan ƙwaƙwalwa da laka suke taɓa ta, shi ya sa kuma zaren da ya mutu a cikinta ba ya sake tsirowa.

Kowane zare yana naɗe cikin wata farar riga mai maiƙo. Rudolf Firko na Jamus ne ya sa mata suna a 1854, mayelin, daga kalmar Girkanci ta ɓargo. Aikinta irin na robar da ke jikin wayar lantarki ne: idan robar ta sale, waya tana nan amma wuta ba ta isa inda aka aike ta yadda ya kamata. A yawancin masu wannan ciwo rigar ce ke fara lalacewa, zaren yana biyo baya idan abin ya yi tsanani ko ya daɗe. Wannan tazara tsakanin salewar riga da mutuwar zare ita ce damar da magani yake da ita.

Sai kumburi. A Hausa kumburi abu ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa. A nan kuwa yana can bayan ƙwayar ido, cikin ramin ƙashi. Ko bayan wani masani, Helmholtz, ya ƙera madubin leƙa cikin ido a 1851, likitoci sun tarar cewa a manya, kamar biyu cikin uku, kan jijiyar da ake hangowa lafiyayye yake a makonnin farko. Har suna da wata tsohuwar magana a tsakaninsu, cewa ciwo ne da majiyyaci ba ya ganin komai, likita ma ba ya ganin komai. Sai bayan mako 4 zuwa 6 kan jijiyar yake yin fari fat, alamar zaren da aka rasa. A yara abin ya ɗan bambanta: sau da yawa ido biyun yake kamawa tare, kuma kumburin yakan fito fili a madubi. Wani zai ce me ya hana a ce zahi, tunda kalmar Turawa ta kumburi ma daga harshen wuta ta fito? Zahi a bakin mutanen Nijar ya riga ya yi nisa, ya haɗa ciwon ciki da basir da abubuwa da dama, kuma maganinsa saiwa da sassaƙe ne. A bar kumburi, a ƙara masa "na ciki" duk lokacin da ake yi wa iyaye bayani.

Ƙwayar cuta kuma jaka ce da muka zuba komai a ciki: ta zazzaɓin cizon sauro, ta tarin fuka, ta mura, ta ƙyanda. Ga mai sayen magani a tebur, duk abin da aka kira ƙwayar cuta kafso ne maganinsa. Amma bairos, irin na mura da ƙarambau da hangum da ƙyanda da denge da korona, kafso ba ya taɓa shi. Wani abin da ya fi wannan muhimmanci: a lokacin da gani yake tafiya, galibi bairos ɗin ya riga ya bar jiki. Ba shi ne yake cin jijiyar ba. Saboda haka iyaye ba sa haɗa masassarar da ta wuce da makantar yau, ba sa ma ambata ta, alhali ita ce labarin da likita ya fi bukatar ji.

Ƙyanda ta isa misali, domin ta hanya biyu take makantarwa, kuma hanya ɗaya kawai muka sa wa suna. Mun san ta sarai, har muna sakaya ta da baƙon dauro, a wasu yankunan Nijar kuma a ce dusa saboda yadda fata ke barbaɗowa. Makantar da aka fi saninta da ita ta gaban ido ce: yaron da bitamin A ya yi wa ƙaranci, idonsa ya bushe, ya yi miki, ya bar hakiya. Wannan kowa na gani. Ta biyun, wadda ba ta kai ta farko yawa ba ko kusa, ita ce wadda ke zuwa ta baya, bayan ƙuraje sun baje. Rigakafin ƙyanda yana toshe hanyoyin biyu.

To idan ba bairos ba ne, wa ke yin ɓarnar? A nan ne muka iso ga kalmar da ta fi ba ni tsoro. Garkuwar jiki ƙirƙira ce mai kyau, ta zauna a harshe daram. Amma ta shigo ne a bayan ƙanjamau. Shekara da shekaru rediyo yana cewa "cuta mai karya garkuwar jiki", har kalmomin suka manne da juna. Ka ce wa matar aure a gaban mijinta da uwar mijinta, "ciwonki na garkuwar jiki ne", ka san abin da kunnuwa uku suka ji. Ana iya rasa aure a kan wannan jimla. Ko an tsallake wannan, akwai tarko na biyu: wanda ya ji garkuwa zai ɗauka rauni ta yi, ya bazama neman maganin ƙara ƙarfin garkuwa, irin wanda masu talla da lasifika ke yawo da shi ranar kasuwa. Alhali nan ƙarfi ne ya yi mata yawa a inda bai kamata ba, kuma maganin asibiti kwantar da ita yake yi.

Abin da ke faruwa shi ne, lokacin da jiki yake yaƙar bairos, yana horar da wasu ƙwayoyin jini da wasu sinadarai su gane siffar baƙon. Wani lokaci wani ɓangare na baƙon yana kama da wani ɓangare na rigar jijiya, ko kuma hargitsin yaƙin ya tayar da ƙwayoyin da da can suke kwance. Baƙo ya tafi, su kuma su afka wa na gida. Kama da wane ba wane ba ce, amma garkuwar ba ta tantance ba. Su kansu masana sun daɗe ba su yarda haka na yiwuwa ba. Wajen 1900 Paul Ehrlich, babban masanin wannan fanni, yana ganin jiki yana da abin da ke hana shi cutar da kansa, kuma an kwashe shekaru kusan hamsin kafin ra'ayin cewa garkuwa na iya juya wa mai ita ya samu karɓuwa. Idan su sun sha wuyar haɗiye shi, ba abin mamaki ba ne tsohuwa a ƙauyen Tanda ko Bengu ta ce wannan zance bai shiga hankali ba. Ni abin da na ga ya fi dacewa a ce shi ne ɓatan-kan garkuwa. Ɓatan kai ba karyewa ba ne, ba rauni ba ne, kuma wanda ya yi ɓatan kai ana iya dawo da shi hanya. Ya kamata kuma ma'aikacin lafiya ya faɗa da bakinsa, kafin a tambaye shi, cewa wannan ba ƙanjamau ba ne kuma ba a ɗaukarsa.

Su ma likitocin, sunan da suke rubutawa rumfa ce da cututtuka da yawa ke fakewa a ƙarƙashinta, kuma sun yi fiye da shekara ɗari suna rarrabe su. Wani kumburin sau ɗaya yake zuwa bayan masassara, ya tafi ba ya dawowa. Wani kuma shi ne sallamar farko ta cutar da likita Sharko ya bayyana a Paris a 1868, wadda ake taƙaitawa da MS, mai barin tabo nan da can a ƙwaƙwalwa da laka. A 2022 wani bincike a kan sojojin Amurka fiye da miliyan 10 ya nuna cewa kamuwa da bairos ɗin Epstein-Barr yana ninka haɗarin MS sau 32. Sai ta uku, wadda Eugène Devic da ɗalibinsa Fernand Gault suka bayyana a birnin Liyon a 1894: jijiyar gani da laka tare, makanta da shanyewar ƙafafu. An daɗe ana ɗaukar ta wani reshe na MS, sai a 2004 Vanda Lennon da abokan aikinta a asibitin Mayo na Amurka suka gano sinadarin da ke jinin masu ita, shekara guda bayan haka aka gane cewa wata 'yar ƙofar ruwa ce a jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa yake kai wa hari. Sunan Devic ya ja baya, haruffan NMO suka maye gurbinsa. Ta huɗu, MOG, wadda ta fi kama yara kuma take yawan biyo bayan masassara, sai a 2023 aka fitar da ƙa'idojin gane ta na duniya.

Wannan rarrabewa ta shafe mu kai tsaye. Abin da littattafan likitanci suka daɗe suna koyarwa ya fito ne daga wani babban gwaji da aka yi a Amurka daga 1988 zuwa 1991 a kan mutum 457. An ga cewa fiye da 9 cikin 10 sun dawo da gani mai amfani, ko an yi magani ko ba a yi ba, allurar kotizon mai ƙarfi ta jijiyar jini saurin warkewa kawai ta ƙara. Amma kashi 85 cikin 100 na mutanen gwajin fararen fata ne, kuma nau'in da ya fi yawa a cikinsu mai alaƙa da MS ne. A wajenmu lissafin ya juya. Tun a 1971 Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya ba da rahoton cewa masu cutar Devic da ya gani sun fi masu MS yawa nesa ba kusa ba, kuma binciken baya-bayan nan a ƙasashe da dama ya tabbatar cewa NMO ta fi kama baƙar fata da mutanen gabashin Asiya. Mata ta fi kamawa, kamar 9 a kan namiji 1. Ita ba ta da sauƙin waccan. Kowane hari yana iya barin makanta ta dindindin, kuma jinkirin mako guda kafin a fara magani yana rage abin da za a ceto. Wata alamarta da mutane ba sa haɗawa da ido ita ce shaƙuwa da amai da suka ƙi tsayawa kwana da kwanaki. Saboda haka ma'aikacin lafiya a Gaya da ya karanta cewa "yana warkewa da kansa" ya sallami majiyyaciya, ya yi aiki da sunan da ya dace amma da labarin wasu mutane.

Wannan warkewa da kai ita ce kuma ke ƙara wa sunan jifa ƙarfi. A nau'i mai sauƙi gani yakan fara dawowa cikin mako 2 zuwa 4. Duk abin da aka yi a tsakanin, hayaƙi ne ko rubutun sha ko wankan magani, shi zai karɓi yabo, sai labari ya bazu cewa an karya sihirin. Idan ciwon ya faɗo wa maƙwabciya, kuma nata NMO ne, sai a bi da ita hanya ɗaya, a yi ta jira. Ban ce a bar addu'a ba, mai ciwo da mai jinya duk suna bukatarta, kuma ana yin ta a cikin mota a kan hanyar asibiti. Abin da nake roƙo a bari shi ne ɗiga wa ido ruwan ganye ko tozalin da ba a san haɗinsa ba, da kai mutum wurin masu ture yana da tsinke. Ciwon ba a gaban ido yake ba, abin da aka ɗiga ba ya isa wurinsa, sai dai ya ƙara miki a inda babu.

Akwai kuskure na ɗaya gefen. Kotizon ba baƙo ba ne a kasuwanninmu. Danginsa ne deksa, wanda 'yan mata ke sha don ƙiba, ake kira sha-ka-fashe. Wanda ya ji cewa kotizon ne magani zai iya zuwa tebur ya saya. Gwajin nan na Amurka ya nuna cewa waɗanda aka ba ƙwayar sha kaɗai a ƙaramin awo, ciwon ya fi dawo musu. Abin da ake bayarwa a asibiti giram 1 ne a rana ta jijiyar jini, kwana 3 zuwa 5, ana lura da sukari da hawan jini, idan bai yi ba a koma tace ruwan jini a inda ake da na'urar. Kuma kafin a fara dole a tabbatar ba wani abu ne ya yi shigar wannan ciwo ba. Tarin fuka da tunjere da sanƙarau duk suna taɓa jijiyar gani, kuma kwantar da garkuwar mai tarin fuka ba tare da maganin tarin ba ganganci ne. Etambutol, ɗaya daga cikin magungunan tarin fuka, yana iya dushe gani. Kinin da ya wuce kima yana makantarwa, haka ma barasar da aka gurɓata da metanol. Hawan jinin ido kuma, wanda sunansa ma kuskure ne tunda ruwan ido ne ke hawa ba jini ba, jijiyar nan yake ci, amma a hankali cikin shekaru, daga gefe, ba tare da ciwo ba.

Abin da ke ba ni ƙwarin gwiwa shi ne, zargin wannan ciwo ba ya bukatar na'ura. A shiga ɗaki mai duhu da tocilar waya. A haska idon dama, 'yar ƙofar da ke tsakiyar baƙin ido za ta tsuke. A yi sauri a mayar da hasken idon hagu, a sake dawowa, sau uku ko huɗu. Idan an zo kan ido mai ciwo, maimakon ƙofar ta tsuke sai a ga tana buɗewa, domin saƙon haske ba ya wucewa sosai. Likitoci suna kiran wannan alamar Marcus Gunn, sunan wani likitan ido ɗan Sikotilan. Mutum ba ya iya ƙirƙirar ta, don haka ita ce amsar uban da ya ce ƙarya ake yi. Sai dai idan ido biyun sun kamu daidai wa daida ba ta fitowa, rashinta bai wanke kowa ba. Sannan a ɗauki jan murfin kwalba, a rufe ido ɗaya a nuna, a rufe ɗayan a nuna, a tambaya ko jan iri ɗaya ne. Wanda ya taɓa yin ciwon kuma, idan ya ga ganinsa na dushewa a zafin watan Afrilu ko bayan aiki a gonar rake, ya kuma dawo idan ya huta a inuwa, wannan abu ne da Wilhelm Uhthoff ya bayyana tun 1890. Zafi ne ke rage gudun saƙo a jijiyar da ta taɓa rauni, ba sabon hari ba ne.

Sauran aikin na hanya ne. Daga Gaya zuwa Doso kamar kilomita 150 ne, daga Doso zuwa Yamai kusan 140, kuma hoton ƙwaƙwalwa na maganaɗisu da likitocin jijiya sai manyan birane irin Yamai da Sakkwato da Kano. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 an rufe gadar Malanbil, masu tsallakawa suka koma kwalekwale. Iyalin da za su sayar da akuya su ɗauki wannan hanya dole sai sun yarda cewa abin da ya samu 'yarsu ciwo ne mai suna, mai magani, mai ƙurarren lokaci. Takardar Faransanci ba za ta gamsar da su ba.

Don haka ina kira ga ma'aikatan lafiya na Gaya da Kamba, da masu shirin lafiya a gidajen rediyo, da masu fassara: ku tsaya a kan kumburin jijiyar gani, ku daina sa shi cikin dundumi, ku kiyayi faɗin garkuwar jiki ba tare da bayani ba, 'yan'uwanmu masu Dandanci da Zabarmanci da Fulatanci su ma su zauna su nemo nasu. Kai kuma mai karatu, idan wani naka ya ce ganinsa ya dushe cikin 'yan kwanaki, ido na ciwo idan ya juya shi, ka gaskata shi ko da idon garau yake. Ka tuna ko ya yi masassara a watan, ka faɗa wa likita, kuma ku kama hanyar asibiti a ranar.